Wutar Mutum Ɗaya

Zulaihatu ba mace ce mai dogon buri ba. Ba ta taɓa roƙon Allah gidan bene ba, ba ta roƙe shi mota ba, ko ciwon gwiwar da ke damunta sai ta ga dama take sa shi a addu'a. Abu ɗaya ta riƙe hannu bibbiyu: wutar lahira gaskiya ce, tana nan tana ci, kuma an ware wa yayanta Malam Baha'uddeen wuri a cikinta. Da wannan take kwana, da shi take tashi, kuma duk ranar da duniya ta yi mata zafi, tunawa da shi kaɗai kan sanyaya mata rai.

Kada a yi saurin ganin laifinta. A Zongon Wagadugu aka haife ta, a gidan malamai. Shekara ashirin da biyar ke nan da ta auri Habila, Kirista mai wanki da guga da ya zo daga wajen Maraɗi, ta kuma bi shi majami'a. Tun daga ranar yayanta ya daina yi mata magana. Wannan ta haɗiye. Abin da ya ƙi haɗiyuwa shi ne na ranar da Inna, mahaifiyarsu, ta rasu. Zulaihatu ta taho a guje ko takalmi babu, ta tarar da shi tsaye a bakin zaure ya tokare ƙofa da hannu biyu, ya ce ba za ta shiga ba. Aka wanke Inna, aka yi mata sutura, aka fito da ita, 'yar da ta haifa tana durƙushe gindin dogon yaro a tsallaken hanya, ba ta ga fuskarta ba. Bana shekara goma sha tara.

Abin ƙarin haushi, mutumin da ya yanke ƙanwarsa bai yanke mijinta ba. Wai a duk Zongo babu mai sa wa shadda sitati kamar Habila, kuma addini bai hana mu'amala ba. Saboda haka kowace Alhamis sai ga Malam Baha'uddeen da ƙunshin rigunansa a rumfar wankin da ke ƙofar gidansu, ya zauna kan benci, su yi ta gardamar addini shi da Habila. Ya tabbatar wa Habila cewa ɗan wuta ne, Habila ya ce masa Allah ya ƙara girma, ya tambaye shi ko a ƙara wa farar rigar bula. In Zulaihatu ta gifta kuwa, sai malam ya ɗaga kai yana nazarin gajimare.

Abu ɗaya ne a kansa yake ba ta dariya har yau. Lokacin da Inna ke raye, takan dafa dambun masara da zogale, ta zuba a wata langa mai murfi, ta ɗaure da tsumma, ta cusa a tsakiyar ƙazaman rigunan ɗanta. Shi kuwa gogan ya ɗauko ƙunshin ya kawo, bai san abincin kafira yake dako ba. Ga shi da mobilet, amma don tsabar rowar mai ranar Alhamis a ƙafa yake zuwa. Tunda ba a mai da kwano wayam, Zulaihatu takan sa goro ko sukari a langar, Habila ya naɗe ta cikin gogaggun kaya, malam ya sake yin dakon komawa. Shekara shida ana haka. Langar ƙarshe ta zo ran Alhamis, Inna ta cika ran Asabar. Tana nan a ƙarƙashin gadon Zulaihatu, ba ta koma ba.

To, ana zaune lafiya sai Habila ya tsiro da tauhidinsa.

Habila mutum ne shiru-shiru, irin wanda in yana guga yakan yi ta motsa baki shi kaɗai. Wata safiya kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, ya zuba gawayi a tsohon dutsen gugarsa yana fifitawa, sai ya ɗago ya ce, "Zulai, na yi shekara talatin ina sana'ar nan. Kin taɓa ganin wanda ya kawo mini riga ya ce in ƙona masa ita don ta yi datti?"

"Mahaukaci ne?" in ji ta, tana tankaɗe gari.

"Yawwa. Datti daban, riga daban. Zunubi datti ne, mutum shi ne rigar. Wanda ya saƙa rigar da hannunsa, ya kuma biya ladan wankinta da jinin Almasihu, kina ganin zai zo karɓar kaya ya ce a ba shi uku a cinna wa bakwai wuta?"

"Malam, me kake so ka ce?"

"Wutar nan da muke tsoro, ina ga ta guga ce. Akwai zafi, ban ce babu ba. Wanda ya yamutse sosai zai ji a jikinsa. Amma ƙarshenta kowa za a linke shi a mai da shi ga mai shi."

Zulaihatu ta ajiye rariya. "Kowa?"

"Kowa."

"Har Fir'auna?"

"Shi sai an jiƙa shi ya kwana biyu, amma zai fita."

Sai ta yi tambayar da ta dame ta. "Yaya fa?"

"Yayanki ai wanki ɗaya zai ishe shi. Wataƙila ma a tabarma ɗaya za ku zauna."

Ranar Habila bai ci abincin rana ba. Wato mace ta shekara goma sha tara tana kiwon abu guda, rana tsaka mijinta ya zo da dutsen guga ya ce babu shi! Ta yi faɗa, ta yi gaba, ta zuba masa gishiri fiye da kima a miya har kwana uku, Habila ko gezau. Maimakon ya yi shiru ma, sai ya kai maganar ajin maza da yake koyarwa ran Lahadi a 'yar majami'arsu ta Wemtenga, inda masu jin Hausa ke taruwa. Maza kuwa suka ji daɗin darasin fiye da yadda ya kamata. Wani mai gyaran moto da aka daɗe ana fama da shi kan giya har ya tashi ya rungume Habila.

Ita ce da ƙafarta ta kai ƙararsa wurin Pasto Barnabe. Ba don tana ƙin mijinta ba, a'a, so take a gyara masa kai, a dawo mata da wutarta. Aka sa ranar zama: Lahadi mai zuwa bayan sujada, gaban komite, da duk mai son ji. Kowa kuwa ya so ji. Ko ranar bikin Kirsimeti ba a cika haka ba.

Pasto Barnabe Bamoshe ne, mutumin kirki, a kasuwar Sankaryare ya koyi Hausa, shi ya sa ko wa'azi yake yi sai ka ji kamar yana tayin kaya. Ya gyara tabarau ya ce, "Bon. Frer Habila, an ce ka rufe jahannama. Da izinin wa?"

"Ban rufe ba, Pasto. Cewa na yi tana da ƙofar fita."

"In kowa zai fita, mu me muke yi a nan kowace Lahadi cikin zafin kwanon nan?"

"Ai mai tsabta shi ya fi jin daɗin jikinsa tun a duniya, Pasto. Ba don tsoron ashana ake wanka ba."

Aka yi 'yar dariya, Pasto ya ɗaga hannu. Sai ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wata leda, ya zaro baƙar kwat, ya baza ta gaban jama'a. A tsakiyar bayanta ga hoton dutsen guga nan raɗau, ja-ja-ja, har da tsininsa.

"Wala! Ka ce wutar guga ba ta ƙona riga. Wannan fa? Hannun wa?"

Majami'a ta kaure da dariya. Habila ya matso, ya duba kwat ɗin, ya shafa wurin da tausayi. "Pasto, wannan ba ta Istan shekara bakwai da suka wuce ba ce? Ka ce ka yafe."

"Na yafe," in ji Pasto. "Amma na ajiye."

"To hannuna ne, ban musa ba. Ranar ina guga ina sauraron ƙwallo a rediyo, aka ci mu. Shi Allah ba ya sauraron ƙwallo." Ya dakata. "Kuma dubi, Pasto, ƙonanniya ce, ba ta sawuwa, amma shekara bakwai ka kasa jefar da ita. Kai ke nan da kake ɗan Adam."

Pasto ya dubi kwat, ya dubi Habila, ya cusa ta cikin leda da sauri kamar kada ta ƙara ba da shaida. Ya ce gardama ba ta sauya abin da ikilisiya ta gada, a kira mai ƙara.

Zulaihatu ta miƙe, ta gyara ɗaurin zanen zumuntar mata, wadda ita ce shugabarta shekara takwas. Ba ta dubi mijinta ba. Ta ce, "Pasto, ni tambaya ɗaya gare ni, a amsa mini gaban kowa. Mutumin da ya tare ƙofa ya hana ƙanwarsa ganin gawar uwarta, bai tuba ba, bai karɓi Almasihu ba, ina za shi?"

"Wuta, Madam."

"Mai ƙofar fita?"

"Babu ƙofa, babu taga."

Wani sanyi ya ratsa ta tun daga ka har gwiwar da ke ciwo. Da Pasto ya tsaya nan, da an tashi lafiya. Amma mai wa'azi in ya ga ana gyaɗa masa kai, tsayawa wuya take masa. Ya fito daga bayan tebur, ya ɗaga murya. "Kuma ku gane, ba don ƙofar da ya tare ba ne! Ko bai tare ba, hanyar ɗaya ce. Wanda ya mutu bai karɓa ba, ya ɓata. Ko mugu ne ko mai kirki, ko ya ciyar da unguwa duka, ko ubanka ne, ko uwar da ta haife ka!"

Zulaihatu ta sha jin wannan magana. Ta ji ta fiye da sau ɗari, ta ce amin da ƙarfi. Amma duk lokacin da aka faɗe ta, fuska ɗaya take gani, mai gemu, tana kallon gajimare. Ba ta taɓa leƙa bayansa ta ga wa ke cikin layin ba. Yau da aka ce uwa, sai ta ga Inna zaune bakin murhu, tana gasa daddawa kan garwashi kafin ta daka, tana goge gumi da gefen zane.

"Pasto," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Inna fa?"

"Wace Inna?"

"Tawa. Da carbi a hannu ta rasu."

Pasto Barnabe ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "Madam, ka san... kin san, hukunci na Allah ne."

"Ɗazu da na tambayi na Yaya ba ka ce haka ba. Ko numfashi ba ka ja ba."

"Koyarwar ɗaya ce, ma ser. Ba ni na rubuta ba. Ni ma kakata..."

Zulaihatu mace ce da ta san kasuwa, kuma ba ta taɓa barin ciniki tun a tayin farko ba. Ta ce, "To a rage ta mana. Ni ban ce a kashe ba, ban ce a bar ta haka ba. A bar 'yar ƙarama, ta mutum ɗaya. Ko kamar murhun gasa masara ce ta isa."

"Ba a yi, Madam."

Ta juya ga mijinta, karo na farko tun safe. "Malam, kai a naka fa? A fitar da Inna a bar shi?"

Habila ya girgiza kai a hankali. "Zulai, ni ma ba ni da wannan. Ƙofar da Inna za ta bi, ita zai bi."

Ta tsaya tsakanin mazan biyu, kowa da hajarsa, babu mai sayar da rabi. In ta riƙe wutar Yaya, Inna na ciki. In ta fitar da Inna, ga Yaya nan biye da ita yana gyara hula. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, har ta ji kamar an yi mata fashi a gaban jama'a. Hawaye suka zubo, ta share da haushi.

"Na janye ƙarata," ta ce.

Janyewar ba ta ceci Habila ba. Komite ya shiga ya fito, aka ce ya sauka daga koyar da ajin maza, a kuma sa shi a bencin horo wata shida, wato bencin can baya kusa da ƙofa, inda ake zaunar da waɗanda suka yi laifi har su tuba. Habila ya ce ya gode, dama wurin ya fi iska. Ya je ya zauna. Zulaihatu ta ɗauki jakarta, ta bar kujerar shugabar mata da ke gaba, ta bi tsakiyar majami'a tana ɗingishi, ta zauna kusa da shi.

"Madam, ke ba a sa ki horo ba," in ji Pasto.

"Gwiwata ce ke son iska," ta ce. Sannan ta raɗa wa mijinta, "Kada ka ɗauka na yarda da kai. In muka je can na tarar ƙarya kake, ni da kai ne."

Ran Alhamis Malam Baha'uddeen bai zo ba, wai sanyi ya kama shi. Zulaihatu ta wuni tana shiga tana fita, tana faɗa da kaji. Can bayan azahar ta durƙusa ta jawo langar daga ƙarƙashin gado, ta wanke ta sau uku. Ta turara dambu, ta gasa daddawa kan garwashi, ta soya albasa a man gyaɗa. Habila yana gani ta taga, ya ci gaba da gugarsa kamar makaho, abin da ya fi komai hikima da ya yi a wannan watan.

Bayan la'asar ta isa. Yayanta na zaune a bakin zauren nan dai, cikin bargo, ya tsufa fiye da yadda take hango shi daga nesa. Da ya gan ta ya ɗaga kai zai nemi gajimare, sai idonsa ya faɗa kan langar. Bai kai ga sama ba.

"Yaya, ina wuni," ta ce. "Kwanon Inna na dawo da shi. Ba don kai ba. Ba a riƙe kwanon mutane ne."

Ya daɗe yana kallon murfin, wurin da fentin ya ɓantare. Sannan ya yi magana, maganarsa ta farko gare ta cikin shekara goma sha tara. "Kin daɗe da shi."

"Ka san shi ne?"

"Zulai, ni jaki ne? Riga uku ce za ta yi zafi a hannu, tana warin daddawa?" Ya yi tari. "Kina tsammani son tafiyar ƙafa nake, ga mobilet a gida? Sau ɗaya na ɗora a baya, ramin gaban masallaci ya kusa kifar da shi."

Ta zauna kan dakali. Shekara da shekaru tana yi masa dariya.

"To me ya sa ka tare ni ranar?" ta ce.

"Mutane na kallo. Malamai cike da zaure." Ya sunkuyar da kai. "Tsoronsu na ji, na ce tsoron Allah ne. Tun daga ranar, duk Alhamis in na karɓi kaya wurin mijinki sai na jinjina ƙunshin, ko kwanon ya dawo. Kullum riguna ne kawai."

Zulaihatu ta nemi fushinta ta same shi, yana nan, amma ya yi laushi kamar tsohon zane. Ta tura langar gabansa da bayan hannu. "Ci tun bai huce ba."

Ya buɗe, ya yi bisimilla, ya kai loma ɗaya. Hawaye suka gangaro cikin gemunsa, ya ce yaji ne ya yi yawa, alhali ko ƙwayar barkono ba ta sa ba.

"Har yanzu dai ina jiye miki wuta," ya ce, yana kai ta biyu. "Gaskiya ce, sai na faɗa."

"Ni ma na so maka ita, Allah ya sani. Habila ne ya ce goge ka kawai za a yi."

"Mijinki ba shi da hankali."

"Wannan kam mun yarda."

Ya cinye tas, ya suɗe yatsu. Sannan ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki langar, ya matsa gefe guda daga bakin ƙofar, ya tsaya yana kallon bango.

"Ba a mai da kwano wayam," ya ce. "Akwai goro a ɗakin Inna. Ki shiga ki zaɓa da kanki."